Na Mayar da Shi Sifili, Ban Goge Ba

Jama'a, ku gyara zama, don abin da ya same ni ranar Asabar ko maƙiyina ba na yi masa fatansa. Kuma tun kafin wata ta tambaya a ƙasan rubutun nan: eh, ni na jawo wa kaina, da yatsuna goma, babu sa hannun kowa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce auta a gidanmu. Shekarata ashirin da bakwai, aikina gina shafukan intanet a wani ƙaramin ofis mai tebur huɗu da fanka ɗaya da take kuka kamar ana yi mata dole. Shekara huɗu ke nan ina can. Akwai wanda nake so, shi ma yana sona, kowa Dogo yake ce masa saboda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falonmu. Ni na kawo shi gida da kaina. Manya sun zauna, saura wata uku biki.

Matsalar guda ɗaya ce. Hajiyarsa ta ce matar ɗanta ba za ta riƙa fita aiki ba. Ranar da ta faɗa, a falonta, ina zaune a gefe bakina cike da biskit, Umma ta yi caraf ta ce, “Ai ba komai, Hajiya, dama ta gaji da aikin.”

Ban gaji ba. Wallahi ban gaji ba. Amma na haɗiye biskit ɗin, na haɗiye maganar tare da shi, na yi murmushi irin na 'yar kirki.

Da na yi wa Dogo ƙorafi a waya, ga abin da ya turo:

“Malama Kwamfuta, kwantar da hankalinki. A ɗaura tukuna, zan san yadda zan lallaɓa Mama.”

“Idan ba ta lallaɓu ba fa?”

Ya turo hoton zuciya ja guda uku. Na zauna ina kallonsu kamar in na daɗe za su koma amsa.

To, Hajiya tana da shagon labule, babba, har da masu ɗinki a baya. Umma ce ta ƙulla dabarar, ba tare da ta shawarce ni ba kamar kullum: wai in gina wa shagon shafi. “Ki yi mata abin da za ta san ba sakarya ɗanta ya ɗauko ba,” in ji ta. Ni kuma na karɓa da hannu biyu, saboda wani shirme da na saka a raina. Na ce idan ta ga aikin da idonta, ta ga yadda mutane za su riƙa kiran shagon, wataƙila ta ce, a'a, wannan hannun bai kamata a naɗe shi ba. Ku yi min dariya, na yarda.

Ranar Alhamis da hantsi ta zo ofis duba aiki. Tun daga matakala turarenta ya riga ta isowa. Doguwar riga ruwan toka mai aiki a wuya, mayafi mai nauyi, zobba uku a hannun dama, jaka kuma ta riƙe ta a gaba kamar kada ƙurar ofishinmu ta taɓa ta. Manaja ya miƙe har yana tuntuɓe da waya. Ƙawata Tabarau, wadda teburinta ke manne da nawa, ta cusa robar abincinta a aljihun tebur. Hajiya ta zauna a kujerata, ni na tsaya a kanta ina miƙa hannu ta gefe.

“Abin da nake so,” ta ce, “a fuskar farko a sa hoton labulen nan ruwan zinare mai furanni. A kansa a ɗora akwati mai sunan shago da lambar waya. Amma kada akwatin ya rufe min labule. Shara-shara nake so, irin na taga, wanda za ki hango tsakar gida ta cikinsa.”

“Mama, hanya uku ce ake yin haka. Bari in nuna muku, sai ku zaɓa.”

“Hanya uku a kan shara-shara ɗaya? To, nuna.”

Na fara da mafi sauƙi, wadda muke kira ofasiti. Lamba ce tsakanin sifili da ɗaya. In ka sa ɗaya, akwatin na nan daram, ba a ganin bayansa. In ka sa sifili, ya ɓace wa ido gaba ɗaya. Na sa rabi. Furannin labule suka fito ta cikin akwatin, gwanin sha'awa. Sai dai ofasiti ba ta da tausayi, ba ta ware kowa: duk abin da ke cikin akwatin sai ya dusashe tare da shi, da sunan shago, da lambar waya, da madannin kira.

Hajiya ta matso da fuskarta. “Sunan shagona ne wannan ya koɗe kamar tsohon zani?”

“Haka take yi, Mama. Komai na ciki take kamawa.”

“Ba a raba su?”

“Da wannan hanyar ba a rabawa.”

“Wuce.”

Ta biyu ita ce tawa, ita nake so. Ba ka taɓa akwatin, launin bayansa kaɗai kake sirantawa. RGBA muke ce mata: lamba uku na haɗa launi, ja da kore da shuɗi, ta huɗun kuma ita ke faɗin kaurinsa. Na sa fari, na sirance shi. Labule ya fito, rubutu kuma ya tsaya baƙi wuluk, ko gezau.

“Yauwa,” ta ce. Zuciyata ta yi tsalle. “Amma labulen bai fito sosai ba. Ƙara.”

Na rage kaurin.

“Yanzu kuma furanni sun shiga cikin lambar waya. Bakwai ce wannan ko ɗaya?”

Na mayar.

“Ya sake rufewa.”

Minti ashirin muna wannan, sama, ƙasa, sama, ƙasa, bayana har ya ƙage. Tabarau tana buga madannai da ƙarfi don kada dariya ta kuɓuce mata.

Ta uku ita ce a zana akwatin a matsayin hoto, irin hoton da ake barin wasu sassansa fayau, a yi masa baki mai ado kamar leshi, a rubuta sunan a jikinsa. Da na nuna mata samfuri, idonta ya yi haske.

“Wannan! Tun ɗazu kina da wannan kika tsaya wahalar da ni?”

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. “Mama, yana da kyau, amma yana da nauyi. Mai ƙaramar waya zai gaji da jira ya fita. In kun canza lamba, sai an sake zane. Sannan rubutun da ke jikin hoto ba rubutu ba ne a wurin waya, zane ne. Wayar Baba ba za ta karanta masa shi yadda yake ba.”

Baba shi ne mahaifin Dogo. Tsohon shugaban makaranta ne, ciwon suga ya tafi da idonsa shekara shida da suka wuce. Wayarsa ce idonsa: yana shafa ta da yatsa, wata murya tana karanta masa duk abin da ke shafi. A gidan nan kaf shi kaɗai ne ya taɓa tambayata yadda aikina yake, kuma ya tsaya ya ji amsar. Injiniya yake ce min.

Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta miƙe, ta gyara mayafi.

“Yi ta biyun. Ke kika san aikinki, na 'yan kwanakin da suka rage.” Ta juya wurin Manaja tana murmushi. “Sai ku fara neman wata fa. Wannan ta kusa zama tamu.”

Manaja bai san da maganar ba. Tabarau ma ban gaya mata ba. Manaja ya raka Hajiya har ƙasa.

“Ke,” in ji Tabarau, ta zame tabarau ɗin zuwa kan hanci. “Barin aiki za ki yi?”

“Don Allah ki ƙyale ni.”

“Ke da kika yi kuka ranar da shafinki na farko ya hau?”

“Na ce ki ƙyale ni.”

A nan na yi wautar. Akwatuna biyu ne a shafin, na ofasiti da na launi, na ɗora su wuri guda, ina kunna wannan ina dusar da wancan don in gwada. A sana'armu, in muna gwada akwati, mukan cika shi da rubutun banza, kowane iri, don mu ga yadda zai zauna. Na ɗora hannu zan cika na ofasitin da shirme, sai yatsuna suka rubuta abin da bakina ya kasa wata biyu:

“Ba zan bar aikina ba. Umma ce ta ce na gaji, ni ban gaji ba. Ina son Dogo, ina son aikina, ban ga dalilin da zai sa in zaɓi ɗaya ba. Tsoron Hajiya nake ji.”

Na karanta shi sau biyu, idona ya ciko. Sai na ji takun Manaja a bayana. Da sauri na mayar da lambar sifili. Fit, ya ɓace, sai sunan shago a kan furanni.

“Wacce aka tsayar?” ya ce.

“Ta biyu.”

“Maganar da ta yi fa?”

“Za mu yi magana, ranka ya daɗe.”

Ya girgiza kai ya wuce. Ni kuma na ce in ya fita zan goge. Aka kira ni waya, wani ya kawo gyara, aka tashi. Ranar Juma'a na wuni ina rubuta wa hotunan labule arba'in da shida bayani ɗaya bayan ɗaya, saboda Baba: wannan ruwan ƙasa ne mai ratsin fari, wannan mai kauri ne da ke tare rana. Da la'asar na ɗora shafin a intanet. Na duba shi a kwamfuta, na duba a waya, tsaf. Abin da ido bai gani ba, kai ma ya manta da shi.

Asabar aka gayyace mu gidansu, ni da Umma, a buɗe shafi gaban kowa. Umma ta sa na canza kaya sau uku. Shuɗiyar rigar wai ta kama ni, mai ruwan goro wai kamar zan je ta'aziyya. Muka tsaya a kan wata koriya mai faɗin hannu da mayafi ruwan madara, ta ɗaura min sarƙarta da kanta. Na ɗauko jakar kwamfuta, ta riƙe igiyar.

“Ina za ki da wannan?”

“Ko za a buƙaci gyara, Umma.”

“Gidan surukai za ki shiga da jaka a kafaɗa kamar mai karanta mita? Ajiye.”

Na ajiye. Ko da na ɗauka ma ba ta da amfani, don Manaja ya ɗaure shafukanmu yadda ba a taɓa su sai daga kwamfutocin ofis, amma wannan bai zo min a rai ba a lokacin.

Muna cikin tasi, mun wuce babban shatale-tale, saƙon Dogo ya shigo:

“Baba ya ce yau da kunnensa zai duba aikin Injiniya. Tun safe ya sa aka cika masa waya da caji.”

Na yi murmushi. Murmushin bai gama sauka ba na tuna akwatin da na bari a sifili.

'Yan uwa, sifili ido kawai yake ruɗa. Rubutun yana nan a wurinsa, kowane harafi. Wayar Baba kuwa ba ta da ido, ba ruwanta da abin da ya dusashe. Abin da ke shafi take bi, layi bayan layi. Ni da na hana Hajiya hoto don wayar ta samu abin karantawa, ni na ajiye mata abin karantawa.

Da sauri na rubuta wa Tabarau, don gidansu na bayan ofis kuma tana da mukulli:

“Kina ina? Ki taimake ni don girman Allah. Ki je ofis, shafin labule, fuskar farko, akwai akwati na biyu da ke sifili. Ki goge shi. Kada ki karanta.”

Saƙon ya tafi, ba a buɗe ba. Na kira, tana ta ringin har ta katse. Na sake. Na kira Manaja, a kashe. Na koma kan Dogo:

“Ka hana Baba buɗe shafin yau. Akwai gyara.”

“Haba Malama, kin cika son a ce ba kuskure. Na duba, ya yi kyau sosai.”

“Da gaske nake. Ka ɓoye wayarsa.”

“In ɓoye wa Baba waya? So kike a kore ni daga gidan?” Da fuskar dariya mai hawaye.

“Wai me kike ta dannawa ne?” in ji Umma. “Gumi duk ya ɓata miki hoda. Goge fuskarki, mun iso.”

Na so in gaya mata. Na buɗe baki, na tuna sunanta ne a layi na biyu, na rufe.

Falon Hajiya labule hawa uku ne a kowace taga, mai kauri, mai tsaka-tsaki, da shara-shara. Kujeru ruwan zuma, tebur na gilashi da aka jera wa lemo da kofuna masu bakin zinare. Yayyen Dogo mata biyu suna kan doguwar kujera. Baba yana kujerarsa ta kusa da ƙofa, farar riga, baƙin tabarau, waya a kan cinya. Na durƙusa na gaishe shi.

“Injiniya! An ce kin sa mu a duniya.”

“Ƙoƙari dai aka yi, Baba.”

Dogo ya buɗe shafin a talabijin, ya fito ƙato a bango. Ruwan zinare, furanni, farin akwati shara-shara, sunan shago baƙi a tsakiya. Wallahi ya yi kyau. Yayyen suka ce kai, kai, kai. Hajiya ta sa aka yi ƙasa, aka yi sama, ta ga labulayenta ɗaya bayan ɗaya, har ta ce, “Lambar ta fito. Ba laifi.” Daga bakin Hajiya, ba laifi lambar yabo ce. Umma ta dafa gwiwata tana washe baki. Ni kuwa idona na kan wayata da na ɓoye ƙarƙashin mayafi. Ba a buɗe ba.

“To, masu ido kun gama,” in ji Baba. “A yi mana shiru, layi ya zo kanmu.”

Na yi wuf na zaro abin kunne daga jakata. “Baba, ga wannan, za ku fi ji sosai.”

“A'a, bar shi. Kowa ya ji yadda nake gani.”

Ya shafa wayar. Muryar ta mace ce, ba ta iya Hausa ba, tana take haruffa tana wucewa, ƙa da ka duk ɗaya ne a wurinta. Gidan sun saba da ita, har kwaikwayonta suke yi. Ta karanta sunan shago, aka yi dariya. Ta karanta barka da zuwa. Ta karanta lambar waya. Na ce a raina, ya Allah ka sa ta tsallake, ka sa cajin ya ƙare, ka sa a buga ƙofa.

Ya sake shafawa.

“Ba zan bar aikina ba,” in ji wayar.

Ƙaramar yayar ta fara dariya, ta ɗauka wani labule ne.

“Umma ce ta ce na gaji, ni ban gaji ba.”

Hannun Umma ya daskare a gwiwata.

Ta karanta saura, ba gaggawa, ba kunya, da muryar da ta karanta lambar waya. Ina son Dogo. Ina son aikina. Da ta zo kan “Tsoron Hajiya nake ji” sai da ta ja sunan, Ha-ji-ya, kamar tana kiranta.

Baba yana da wata ɗabi'a tun ta aji: abin da bai gamsu da shi ba sai an maimaita. Ya mayar da yatsa baya, wayar ta sake karantawa tun daga farko. Na ji kowace kalma sau biyu, ina kallon ƙanƙarar da ke narkewa a kofina.

Hajiya ta tashi ta je gaban talabijin, ta kusa manna hanci. “Ina yake? Ni ban ga komai ba. A ina aka rubuta?”

Wayata ta yi motsi a ƙarƙashin mayafi. Na leƙa da sauri, na ɗauka Tabarau ce. Dogo ne, yana zaune taku huɗu daga inda nake:

“Ki ce gwaji ne. Don Allah.”

Umma ba ta ga saƙon ba, amma kamar tare suka shirya. Ta yi wata dariya da ban taɓa jin irinta ba. “Ai rubutun gwaji ne, Alhaji. Haka suke yi a wurin aikinsu, su rubuta duk abin da ya zo hannu. Ko ba haka ba, Auta?”

“Hajiya,” Baba ya ce wa Umma a hankali, “ki yi haƙuri, yarinyar zan tambaya.” Ya juyo da fuskarsa daidai inda nake, kamar yana ganina. “Injiniya. Gwaji ne, ko maganarki ce?”

Ku da kuke karantawa, na san abin da kuke cewa. Faɗi mana! Ga ƙofa an buɗe miki! Ni ma da a labarin wata na karanta haka zan ce. Amma ba ku ji farcen Umma yana shiga cinyata ta cikin koriyar riga ba. Ba ku ga Hajiya tsaye gaban labulenta ta harɗe hannu ba. Na dubi Dogo. Abu ɗaya nake nema, ya ɗago kai kawai, ko bai ce komai ba. Yana kallon kafet, yana murza wayarsa.

Na tuna kayan da Umma ta riga ta tara a ɗakinta har saman sif. Na tuna yadda take gaya wa duk wanda ya shigo gidanmu cewa autarta ta dace da gidan mutunci. Na ji tsoro, tsoro na gaske.

“Gwaji ne, Baba.”

Da bakina. Ba Umma ba ce wannan karon.

Falon ya saki numfashi. Babbar yayar ta ce, “Kai, amma wannan waya da tonon asiri take,” aka yi 'yar dariyar dole. Baba bai yi ba. Ya kife wayar a cinyarsa.

Hajiya ta dawo ta zauna, ta ɗauki kofinta. “Gwaji har da sunan ɗana da nawa. To, Allah ya kyauta.” Ta kurɓa. “Tunda gwaji ne, ba sai an jira wata uku ba. Ƙarshen watan nan ta ajiye, ta zauna ta huta, mu ma mu huta da gwaje-gwaje.”

“Shi ke nan, Hajiya,” in ji Umma. “Hakan ma ya fi.”

Kwana goma sha ɗaya ke nan. Na ƙirga a take, ina murmushi.

Sai a lokacin saƙon Tabarau ya shigo: “Yi haƙuri, ina wurin gyaran gashi, kaina na cikin injin busarwa. Na ruga ofis da ɗankwali a hannu. Na goge, ko alamarsa babu. Amma na karanta. Ke, kina lafiya?”

Na mayar da wayar ƙarƙashin mayafi. Me zan ce mata?

Aka ci, aka sha, ban san ɗanɗanon komai ba. Dogo ya zo zai karɓi kofina, ya ce ƙasa-ƙasa, “Kin kyauta, za mu gyara.” Na sakar masa kofin ban dube shi ba. Ina sonsa, kada ku ce ba na sonsa. Amma ranar na ga iyakar tsawonsa.

Da muka tashi tafiya, Hajiya ta shiga ciki ɗauko wa Umma tsaraba, yayyen suka bi ta. Na durƙusa gaban Baba in yi sallama. Ya sa hannu ya laluba har ya samu kaina, ya dafa.

“Shekara talatin da biyar ina tambayar yara wa ya fasa taga,” ya ce, murya can ƙasa. “Idona ne ya tafi, kunnena na nan. Jibi da hantsi zan kira ki a wayarki, ke kaɗai, in sake tambaya. Abin da kika gaya min ranar, shi zan yi aiki da shi a gidan nan. In ba ki ɗauka ba, na ɗauka amsarki ta yau ce.”

Hawayen da na riƙe tun tasi suka zubo. Na ce, “To, Baba.” Na miƙe ina goge ido da bakin mayafi, na juya.

Umma na tsaye a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Ban san tun yaushe take wurin ba.

Ta sa takalmin, muka fita tsakar gida. Da Dogo ya tsayar mana da tasi, har ta sa masa albarka. Sai da muka hau babban titi, gidan ya ɓace a baya, ta gyara zama, ta miƙo min tafin hannunta ba tare da ta dube ni ba.

“Kawo wayar nan. Kin gaji da ita. Zan ajiye miki zuwa ƙarshen wata.”

Wannan da kuke karantawa, a wayar maƙwabciyarmu na rubuta shi, na ce mata zan duba salon ɗinki. Yau Lahadi.